Zamanin Ƙanƙara Ba Hujjar Naɗe Hannu Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare duk inda aka tayar da zancen ɗumamar yanayi, a majalisar bakin titi ne, ko a shirin rediyo da ake buɗe layi, ko a Facebook. Da an fara sai wani mai ɗan karatu ya gyara zama ya ce: "Ai dama can yanayi canzawa yake yi. An yi zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Amurka, ta zo ta narke, alhali babu mota babu masana'anta. To wa ya jawo wannan?" Sai wuri ya yi tsit, a ga kamar ya kashe bakin kowa. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Inda muka raba hanya shi ne ginin da yake so ya ɗora a kan gaskiyar. Nufinsa, tunda duniya ta saba sauyawa da kanta, to wanda ake ciki yanzu ma babu hannun kowa, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa a nawa ganin, tarihin zamanin ƙanƙara shi ne shaida mafi ƙarfi cewa akwai hannun mutum a zafin da ake ciki, kuma haɗarin ya wuce yadda muke ɗauka. Sai dai fa a bi labarin har ƙarshe, kada a tsaya a rabi.

Cikin waɗanda suka fara gano cewa an taɓa yin irin wannan zamani akwai wanda ba masani ba ne. Wani manomi ne kuma maharbi a tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, Jean-Pierre Perraudin, mutumin kwarin Bagnes. Yawon farauta ya sa ya san kogunan ƙanƙarar da ke saman tsaunukansu ciki da bai. Ya lura cewa duk inda ƙanƙara ta ja baya, takan bar falalen dutse sumul, da dogayen karce a jikinsa duk sun fuskanci gefe guda. Sai ga shi yana ganin irin wannan karcen can ƙasa cikin kwari, nesa da inda ƙanƙara take, tare da manyan duwatsu waɗanda ba irin na wurin ba, an ajiye su a kan gangare inda babu ruwan da zai iya kai su. A 1815 ya gaya wa Jean de Charpentier, shugaban ma'adinan gishiri na garin Bex, cewa shi dai a ganinsa ƙanƙara ta taɓa cika kwarin nan baki ɗaya. Charpentier ya ɗauki maganar shirmen ɗan ƙauye, domin masanan lokacin sun riga sun yanke cewa ruwan Ɗufana ne ya watso duwatsun. Sai da wani injiniya, Ignace Venetz, ya zo da irin wannan hujjar sannan ya sauko. Daga nan zance ya kai ga Louis Agassiz, wanda a 1837 ya tsaya gaban taron masana a Neuchâtel ya ce ƙanƙara ta taɓa lulluɓe babban yanki na arewacin duniya. An yi masa ca. Sai da aka ɗauki shekaru talatin ko fiye kafin maganar ta zauna.

Mu da ƙanƙarar da muka sani ba ta wuce ta firij da wadda ke zubowa da ruwan farkon damina, dole mu yi ɗan ƙoƙari kafin mu hango abin. A wuri mai tsananin sanyi, idan dusar ƙanƙarar da ta zuba da hunturu ta fi wadda bazara ke iya narkarwa, sai ragowar ta kwana. Ta baɗi ta hau kanta, ta baɗin baɗaɗa ta hau. Nauyin ta sama ya danne ta ƙasa, ya matse iskar da ke ciki, har ta koma dunƙulalliyar ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi. Idan kaurinta ya kai mita talatin zuwa hamsin, sai ta fara malala da kanta tana bin gangare, duk da a ido daskararriya ce. Tafiyar ba a ganinta. Wani masani, Franz Josef Hugi, ya gina 'yar bukka a kan kogin ƙanƙarar Unteraar a 1827. Da Agassiz ya je wurin bayan shekara goma sha biyu zuwa sha uku, ya tarar bukkar ta yi gaba da fiye da kilomita ɗaya. Shi kuma ya jera turaku daga wannan gaɓa zuwa waccan a miƙe, da ya dawo ya ga layin ya lanƙwashe, na tsakiya sun tsere wa na gefe. Kogi ne sosai, sai dai a shekara ake lissafin gudunsa.

Ɓarnar kuwa a ƙarƙashi take. Ruwa ya shiga tsaguwar dutse ya daskare, ƙanƙarar ta fizge ɓallin ta riƙe a cikinta, ta ci gaba da jan sa a kan falalen da ke ƙasa. Dutsen niƙa ke nan da ɗansa, sai dai wannan ɗan nauyinsa na tsauni ne, kuma shekara dubbai yana aiki ba hutu. Abin da ke fitowa gari ne lukui na dutse, shi ya sa ruwan da ke ɓulɓulowa daga bakin kogin ƙanƙara yake fari-fari. Kogin ruwa yakan yanka kwari mai tsukakken gindi, siffar harafin V. Kogin ƙanƙara kuwa yakan cika kwarin baki da baki ya kankare har bangonsa, ya bar shi da faɗin gindi da bango a tsaye, siffar harafin U. Kwarin Yosemite na Kalifoniya haka ya samu. A ƙasar Nowe ƙanƙarar ta haƙa har ta wuce matakin teku, da ta narke sai teku ya shigo ya cike gurbin: mashigin Sognefjord ya kutsa cikin ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,300. Manyan tafkuna biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, waɗanda ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa, ƙanƙara ce ta yashe guraben su. Inda ta tsaya kuma takan sauke kayan da ta kwaso, yashi da tsakuwa da duwatsu a cakuɗe. Tsibirin Long Island na New York galibinsa irin wannan jibgin ne, kuma a dandalin Central Park har gobe ana ganin karcen a jikin duwatsu.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce abin ya kai maƙura. Ƙanƙarar da ta danne Kanada ta kai kaurin kilomita 3 a wasu wurare. Ruwan da ya taru a cikinta daga teku ya fito, don haka teku ya sauka da wajen mita 120. Ana iya takawa da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila, ko daga Saiberiya zuwa Alaska. Masuntan Tekun Arewa na Turai har yau sukan jawo ƙasusuwan giwayen zamanin da a cikin komarsu, daga wurin da a da fili ne. Nauyin ƙanƙarar ya lotsa ƙasa ita kanta, kuma har yanzu ba ta gama miƙewa ba: a gaɓar da ke tsakanin Suwidin da Finlan ƙasa na tasowa kusan santimita 1 kowace shekara, tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na komawa tudu.

Mai karatu na iya cewa wannan duk labarin ƙasar Turawa ne. Ko kusa. Ƙanƙarar ba ta iso mu ba, amma farinta ya iso. Da duniya ta yi sanyi, tururin da ke tashi daga teku ya ragu, damina ta ja baya zuwa kudu, Sahara ta biyo ta da ɗaruruwan kilomita. Tafkin Chadi ya ƙafe ko ya kusa. Iskar arewa maso gabas ta tara rairayi dogayen layuka a ƙasar da yau ake kira Jigawa da Yobe da gabashin Kano da kudancin Nijar. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kan waɗannan tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa tun 1958. Duk wanda ya bi hanyar Haɗeja zuwa Nguru ya gan su, ko bai san sunansu ba: tudu mai jan yashi, sai gangare, sai fadama, sai wani tudun, a jere suna kallon inda iskar hunturu ke fitowa. Manomin da ke shuka gero da gyaɗa da riɗi a jigawa, ya gangara fadama ya dasa shinkafa, tsarin gonarsa tun wancan zamani aka shata shi. Kogin Haɗeja ma da ya iso nan sai ya rarrabu yana lalube tsakanin tuddan, abin da ya haifar da dausayin da dubban masunta da makiyaya ke ci a cikinsa.

Da ƙanƙara ta narke sai lamari ya juye. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina ta haura can cikin hamada. Tafkin Chadi ya cika ya batse har ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000, bai gaza Tekun Kasfiyan, tafki mafi girma a duniya, da yawa ba. Dogon tudun yashin da ya ratsa Maiduguri ya bi ta Bama tsohuwar gaɓarsa ce. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. A Dabous, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Hazon da ke rufe mu da hunturu kuwa, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, wato busasshen gindin wancan tafki. (A tsaunukan Jado na arewa maso gabashin Nijar akwai ma sawun ƙanƙara na gaske a jikin duwatsu, amma wannan tsohon labari ne na shekara miliyan 445, lokacin da yankin ke kusa da ƙuryar kudu ta duniya kafin nahiyoyi su gusa.) Ashe mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin cewa idan yanayin duniya ya motsa, ƙasarmu ba ta zama yadda take. Wuri ɗaya ya yi hamada, ya yi teku, ya koma gonar gero.

To me ke kawo zamanin ƙanƙara, me ke kore shi? A nan ne mai waccan hujja yakan yi shiru, domin bai taɓa tambaya ba. Cikin waɗanda suka fara kama bakin zaren akwai wani ɗan Sikotlan, James Croll, wanda talauci ya hana shi zurfin karatu. Aikin share-share da gadi ya samu a wata kwaleji a Glasgow, ya riƙa shiga ɗakin karatunta yana koyar da kansa. A 1864 ya fitar da ra'ayin cewa sauye-sauyen da ke faruwa a zagayen da duniya ke yi wa rana su ne sila. Wanda ya zauna ya yi lissafin dalla-dalla shi ne Milutin Milanković, injiniya ɗan Sabiya. Da alƙalami da takarda ya yi shi, shekara kusan talatin, har da lokacin da aka tsare shi a Budapest a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Babban littafinsa ya fito a 1941.

Abubuwa uku ne ke sauyawa. Hanyar da duniya ke bi ta zagaya rana wani lokaci takan kusa zama da'ira sosai, wani lokaci ta ɗan miƙe, kuma wannan na juyawa a kimanin shekara 100,000. Duniya kuma a karkace take, shi ya sa ake samun bazara da hunturu. Karkatar na kai da komowa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 a cikin shekara 41,000, yanzu tana wajen 23.4. Na uku, lokacin shekarar da duniya ta fi kusantar rana yana gusawa: a zamaninmu farkon Janairu ne, amma shekara 11,000 da suka wuce tsakiyar shekara ne, abin da ya ƙara wa bazarar arewa zafi ya jawo damina cikin Sahara. Basirar Milanković ita ce ya gane ba tsananin hunturu ke tara ƙanƙara ba. Bazara mai rauni ce ke tara ta. Idan zafin bazara a can arewa, daidai layin Alaska da Finlan, ya gaza narkar da abin da hunturu ya zubar, shi ke nan an fara. Ya rasu a 1958 yawancin masana ba su gaskata shi ba. Sai a 1976 masana uku, Hays da Imbrie da Shackleton, suka binciki laka da aka haƙo daga gindin Tekun Indiya, wadda ta taru a tsawon shekara 450,000, suka tarar sanyi da ɗumi na bin waɗannan zagaye uku kamar yadda ya lissafa.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan sauye-sauye ba su rage jimillar hasken ranar da duniya ke samu a shekara da wani abin a zo a gani. Rabonsa kawai suke sauyawa, tsakanin arewa da kudu, tsakanin bazara da hunturu. Ɗan turi ne ƙanƙani. Amma ya isa ya binne Kanada ya mayar da ƙasar Haɗeja hamada, saboda akwai abubuwan da ke karɓar ɗan turin su ninka shi. Na farko ƙanƙarar kanta: fara ce, tana mayar da hasken rana sama, sanyi ya ƙaru, ta ƙara yaɗuwa. Na biyu iskar kabon, wadda ke riƙe zafi a sararin sama. Idan duniya ta fara sanyi, teku kan shanye kaso mai yawa nata ya ɓoye a ƙasa, sanyin ya ƙara tsanani ya game duniya duka. Idan ɗumi ya fara, teku ya sako ta.

Wannan ba hasashe ba ne, an auna. Dusar ƙanƙarar Antatika idan ta danne takan kulle 'yan ƙananan kumfan iska a ciki, ainihin iskar zamanin da. A tashar Vostok ta Rasha an haƙa fiye da mita 3,600 aka zaro ƙanƙarar shekara 420,000. Turawan Yamma suka haƙa a wani wuri da ake kira Dome C suka kai shekara 800,000, zamanin ƙanƙara takwas ke nan. Aka fasa kumfan aka auna. Duk lokacin tsananin sanyi iskar kabon na wajen kashi 180 cikin miliyan. A lokutan ɗumi takan hau, a wasu har wajen 280. A tsawon wannan zamani duka ba ta haura 300 ba. Wasu kan ce ai a tarihin, ɗumi ne ke fara zuwa sannan iskar kabon ta biyo baya. Haka ne a wasu lokutan, kuma ba abin mamaki ba ne: zagayen duniya ne ke tayar da abin, iskar kabon ta ɗauka ta kai shi nesa. Wannan bai wanke ta ba, ya nuna ƙarfinta ne.

Yanzu a dubi inda muke. Kafin zamanin masana'antu tana 280. Da Charles Keeling ya fara aunawa a tsaunin Mauna Loa na Hawai a 1958 ya sami 315. Yau ta wuce 420. Ƙarin da ya fitar da duniya daga zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wanda bai wuce 100 ba, sai da ya ɗauki kusan shekara 10,000. Mu, ta hanyar ƙona kwal da mai, mun zuba fiye da haka a cikin rayuwar dattijo ɗaya da aka haifa gab da samun 'yancin kan Nijeriya. Kuma ba za a ɗora wa zagayen duniya ba, domin lissafinsa a fili yake, ana iya yin sa gaba da baya kamar yadda ake lissafin husufi. Karkatar duniya raguwa take yi, hasken bazarar arewa ya daɗe yana ja baya tun dubban shekaru. Da shi kaɗai ke aiki, da sanyi-sanyi za a riƙa gangarawa a hankali. Sai ga shi 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kimanin digiri 1.5 sama da na kafin masana'antu. Masana a cibiyar Potsdam ta Jamus sun lissafa a 2016 cewa hayaƙin da muke fitarwa na iya ɗage zamanin ƙanƙara mai zuwa har shekara 100,000.

Na san digiri ɗaya da rabi abin dariya ne a kunnen mutumin Sakkwato ko Damagaram, wanda da hunturu yakan tashi da asuba yana rawar ɗari, kafin azahar yana neman inuwa. Amma matsakaicin zafin duniya baki ɗaya wani abu ne daban. Tsakanin duniyar da Kanada ke ƙarƙashin ƙanƙara da duniyar da muka gada, bambancin digiri 5 ne zuwa 6 kacal. Mun riga mun ci kusan rubu'in wannan tazara, ta ɗaya gefen, a cikin shekara ɗari da 'yan kai.

Wani abin da masu cewa zancen ɗumamar yanayi sabuwar dabarar Turawa ce ba su sani ba, shi ne ilimin ya girmi siyasar nesa ba kusa ba, kuma daga binciken zamanin ƙanƙara ya fito. John Tyndall, mai hawan tsaunukan Alps ne da nazarin kogunan ƙanƙara, shi ya gwada a ɗakin bincike a 1859 ya nuna iskar kabon da tururin ruwa na riƙe zafi. Svante Arrhenius ɗan Suwidin, a 1896, so yake ya gane ko raguwar iskar kabon za ta iya kawo zamanin ƙanƙara, sai lissafin ya nuna masa ɗaya fuskar: ƙona kwal zai ɗumama duniya. A lokacin ko Lugga bai ci Kano ba, balle a yi zancen taron ƙasashe ko tallafi.

Ban ce duk wata musiba da ta same mu ɗumamar yanayi ce ba. Wannan ma wata ɓata ce, kuma masu mulki sun iya fakewa da ita. A bar magudanar ruwa ta toshe, a ba da fili a kan hanyar ruwa, a yi sakaci da madatsa, a sare daji a yi gawayi, in ruwa ya ci gari sai a fito a talabijin a ce sauyin yanayi ne. Wannan namu ne, kada a kai shi Antatika. Amma mai cewa babu hannun kowa a zafin duniya ya san kyautar da yake yi? Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa na hayaƙin duniya. Waɗanda suka ƙona kwal da mai na shekara ɗari biyu suka yi arziki su ne ake bi bashi, kuma sai a 2022, a taron Sharm el-Sheikh na Masar, suka amince da kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke yi, bayan kusan shekara talatin ana ja. Duk ɗan Afirkan da ya miƙe ya ce ai dama haka duniya take, ya yafe diyyar da ake bin su, kuma ya yafe ta a madadin manomin da ba a shawarta ba. Masu cewa ikon Allah ne kuwa, babu mai musu. Zagayen duniya ma ikonSa ne, amma Ya sa shi a kan ƙa'idar da bawa ya zauna da alƙalami ya lissafa. Zazzaɓin cizon sauro ma ikonSa ne, ba mu fasa ɗaura gidan sauro ba.

Ƙanƙarar da ta rage tana tafiya. Lokacin da ɗan mishan Johannes Rebmann ya ba da labarin ya ga farin abu a kan Kilimanjaro a 1848, masana a Landan ƙaryata shi suka yi, wai ƙanƙara ba ta zama a tsakiyar Afirka. Daga 1912 zuwa yau fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan ƙanƙara ya tafi, ko da yake a can bushewar iska na da nata kason. Ta tsaunin Kenya da ta Ruwenzori ma saura ƙiris. Suwizalan ta rasa kashi 10 cikin 100 na ƙanƙararta a shekara biyu kawai, 2022 da 2023. Manoman kogin Indus a Pakistan da narkakken ruwan tsaunuka suke ban ruwa. Mu kuma ta teku za ta zo mana: matakinsa ya hau da wajen santimita 20 daga 1900, kuma ƙanƙarar Girinlan kaɗai na riƙe da ruwan da zai ɗaga shi mita 7. Ba gobe za ta narke duka ba, amma Legas ba ta buƙatar mita 7, kuma duk abin da ya taɓa tashar jiragen ruwan Legas sai an ji shi a Kantin Kwari da Dawanau.

A ƙarshen watan Mayun 2025 abubuwa biyu sun faru kusan a dare ɗaya. A jihar Valais, jihar su Perraudin, masana sun ga tsaunin da ke saman ƙauyen Blatten yana tsagewa yana zubar da duwatsu a kan kogin ƙanƙarar Birch. Ranar 19 ga wata aka kwashe mutanen ƙauyen su wajen 300, har da dabbobinsu, wata saniya ma da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke ta. Ranar 28 ƙanƙarar ta ɓalle ta binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen. Mutum ɗaya ya rasu. Washegari da asuba ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, jihar Neja, mutane na barci. Gawar da aka ƙirga a 'yan kwanakin farko ta haura 150, ban da waɗanda ba a gani ba. Ban ce sanadinsu ɗaya ba. Abin da nake kallo shi ne mutanen Suwizalan sun fara auna kogin ƙanƙarar Rhône tun 1874, kuma ba su daina ba, suna da na'urori a jikin tsaunuka da wanda aikinsa ke nan ya duba ya buga waya. Kuɗi na ciki, ban musa ba. Amma kafin kuɗi akwai yarda cewa ƙasa na motsi bisa dalili, kuma ana iya ganin alamarsa kafin ya iso.

Mu ma muna da hukumomin da ke fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Matsalar, hasashen kan tsaya a matakin jiha da ƙaramar hukuma, a takarda da Turanci, bai san sunan unguwa ba. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada. Kowace makarantar sakandare za ta iya ajiye ɗaya, 'yan aji su riƙa rubutawa kowace safiya, malamin labarin ƙasa ya fita da su ya nuna musu tudun rairayin da makarantar ke kai ya gaya musu lokacin da aka tara shi. Kowace gada da kowace madatsa a sa mata sandar auna ruwa da mutum guda mai albashi da waya, wanda ya san lambar mai unguwa da ta ladanin da ke riƙe da lasifikar masallaci a garuruwan da ke ƙasa da shi.